Cin Amana da Ragwanci a Matsayin Naƙasun Shugabanci: Nazarin Halin Waziri a Cikin Magana Jari Ce

1.0 Gabatarwa

Littafin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam yana cikin littattafan da aka fi yi wa nazari a tarihin rubutun zube na Hausa. Imam ya rubuta shi a Zariya a shekarar 1936, lokacin da Dokta R. M. East ya ɗauko shi aro daga Makarantar Midil ta Katsina, littafi na ɗaya kuma ya fito a 1937, sauran biyun suka biyo baya. Tun daga wancan lokaci manazarta sun fi karkata ga abubuwa uku, wato tushen labaran da ke cikinsa, da salon Imam na sarrafa karin magana da raha, da kuma hikimar aku. Shi kuwa Waziri, wanda makircinsa ne ya tayar da labarin gaba ɗaya, galibi akan wuce shi da kalma guda, a ce mugu ne, a ci gaba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta tsaya a kan wannan tauraro, ta dube shi a matsayin shugaba wanda aka bar wa riƙon gari a lokacin yaƙi. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa cin amanarsa da ragwancinsa reshe biyu ne na itace guda, kuma ragwancin nan shi ne ginshiƙin da zubin littafi na ɗaya ya dogara a kansa. Bayan haka za a auna Waziri da wasu taurari, sa'an nan a gwada shi da shugabannin da suka fuskanci mamayar Turawa a 1903 a Kano da Sakkwato da Burmi ta ƙasar Gombe, domin a ga inda ƙagaggen halin nan yake da amfani wajen hukunta shugabanni, da inda yake gazawa.

2.0 Ma'aunin Nazari

2.1 Amana

Kirk-Greene (1974), a laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya kawo halaye goma da ake auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Amana a nan ta zarce ajiyar dukiya. Ta haɗa da asiri da aka gaya wa mutum, da iyali da aka bar masa, da muƙami da aka ɗora masa. Addinin Musulunci ya ƙara wa wannan nauyi, domin sanannen hadisi ya lissafa ha'intar amana cikin alamomin munafuki uku, tare da ƙarya da saɓa alkawari.

Dangane da sarautar waziri kuwa, malaman jihadi sun yi bayani ƙarara. A cikin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ambaci mataimaka huɗu da mulki ke tsayuwa a kansu, wato waziri da alƙali da shugaban masu tsaron doka da mai tattara haraji, ya kuma sanya amintaccen waziri a gaba, domin aikinsa shi ne faɗakar da shugaba da tunatar da shi. Tun kafin wannan, Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kasa wazirci gida biyu: wazirin da aka sakar wa ragama yana yanke hukunci da ra'ayinsa, da wazirin da aikinsa zartar da umarni kawai. Wannan rabe-rabe zai yi amfani a gaba, saboda Wazirin Magana Jari Ce ya riƙe matsayin biyu ɗaya bayan ɗaya.

2.2 Tsoro da Ragwanci

Abin lura shi ne, jaruntaka ba ta cikin halaye goma da Kirk-Greene ya kawo. Talaka yana iya zama mutumin kirki ko da bai taɓa riƙe takobi ba. Amma idan aka zo ga shugaba, ma'auni yakan canza. Al-Mawardi ya sanya ƙarfin zuciya cikin sharuɗɗan shugabanci, kuma waƙoƙin fada da kirarin sarakunan Hausa cike suke da yabon wanda ba ya ja da baya da zambon wanda ya juya ƙeya.

A wannan nazari za a bambance tsoro da ragwanci. Tsoro abu ne da ke faɗa wa zuciyar kowane mai rai, jarumi ko waninsa. Ragwanci kuwa aiki ne, wato mutum ya bar abin da ya wajaba a kansa, ko ya tura wani cikin haɗarin da shi ya kamata ya shiga, domin ya tsira da ransa. Kalmar rago a Hausa tana ɗauke da ma'anar malalaci da ta wanda ba ya iya tsayawa a fagen fama, kuma ma'ana ta biyu ce ake nufi a nan.

2.3 Tauraro

Forster (1927) ya kasa taurarin ƙagaggen labari gida biyu: mai fuska ɗaya, wanda aka gina a kan hali guda ba ya sauyawa, da mai fuskoki da yawa, wanda yake iya ba mai karatu mamaki. Tun da daɗewa kuma Aristo ya yi magana kan babban mutum wanda wani kuskure ko naƙasu ya jawo masa faɗuwa, har mai kallo ya tausaya masa. Da waɗannan ma'aunai za a duba Waziri.

3.0 Waziri a Cikin Labari

3.1 Taƙaitaccen Labari

Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji babban sarki ne a wata ƙasa ta gabas, mai dukiya da mulki, amma ya daɗe ba shi da ɗa namiji. Wannan rashi ya sa Waziri ya sa rai ga gadon sarauta. Sai Allah ya ba Sarki jika, Mahmudu, ya kuma ba shi ɗa, Musa, suka tashi tare cikin tsananin ƙauna. Bayan sun girma Sarkin Sinari ya aiko da neman a haɗa 'yarsa Sinaratu aure da Musa, Sarki Abdurrahman ya fusata, ya wulaƙanta manzanni. Waziri ya ga ƙofa ta buɗe, ya aika wa Sarkin Sinari a ɓoye cewa zai taimake shi ya ci ƙasar, a kan a ba shi sarauta. Wani aku da aka saya a hannun Balarabe ya ba da labarin zuwan abokan gaba. Sarki ya fita yaƙi tare da Mahmudu, ya bar wa Waziri gari, ya bar Musa a gida da umarnin kada ya yi kome sai da shawarar aku. Waziri ya shirya takardar ƙarya da sunan Mahmudu, ya bi ta hannun wata tsohuwa, domin a yaudari Musa ya fito a hallaka shi. Kowane dare Musa yakan zo neman izinin fita, aku ya ɗauke masa hankali da labari har gari ya waye. Haka aka yi ta yi har Sarki ya dawo da nasara, asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku a matsayinsa.

3.2 Matakan Cin Amana

Idan aka warware wannan labari za a ga Waziri ya ci amana hawa uku, kowane hawa ya fi na bayansa muni.

Hawa na farko shi ne amanar shawara. A ranar da Sarki ya fusata da manzannin Sinari, aikin waziri shi ne ya sanyaya shi, ya nuna masa cewa wulaƙanta manzo kiran yaƙi ne. Waziri kuwa ya ɗauki kuskuren ubangidansa ya mayar da shi jari. A wannan lokaci yana matsayin mai zartarwa ne da ba da shawara, don haka laifinsa na farko shi ne barin aikin da aka naɗa shi dominsa.

Hawa na biyu shi ne amanar ƙasa. Saƙon da ya aika Sinari ya fitar da al'amarin daga cikin fada ya jefa shi kan talakawa. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mutumin da ya gayyato rundunar baƙi ya riga ya amince a ƙone ƙauyuka a kama bayi cikin mutanen da yake fatan ya mulka. A nan ne za a ga cewa Waziri yana son sarauta ne a matsayin kaya, kamar rawani ko doki, ba tare da tunanin waɗanda sarautar ke ɗauke da su ba. Ƙari a kan haka, sarautar da yake nema ta hannun Sarkin Sinari za ta fito, ke nan ya yarda ya zama bara a ƙasar da ya tarar da ita mai cin gashin kanta.

Hawa na uku shi ne amanar riƙo. Da Sarki ya fita, Waziri ya tashi daga mai zartarwa ya koma wanda aka sakar wa ragama. Gari da fada da ran Musa duk suna hannunsa. Wannan shi ne lokaci guda da aka ga Waziri yana shugabanci na haƙiƙa, kuma abin da ya cika kwanakin riƙon nasa shi ne neman ran yaro guda. Labarin bai riƙe wa Waziri wani aikin mulki da za a tuna shi da shi ba, sai makirci.

3.3 Ragwanci

Abin da ya haɗa waɗannan hawa uku shi ne Waziri bai taɓa yin ɗayansu da fuskarsa a buɗe ba. Ga Sarkin Sinari ya yi magana ta bakin ɗan aike. Ga Musa ya yi magana da sunan Mahmudu. Cikin gidan sarki ya shiga ta ƙafar tsohuwa. Kisan da yake so a yi, wasu ne za su yi shi, a wajen gida, cikin dare, yadda ba za a ce da hannunsa ba. A kowane mataki akwai wani mutum tsakaninsa da haɗari, kuma mutumin ya fi shi rauni: bawa ko tsohuwa.

Wani yana iya cewa wannan dabara ce irin ta masu makirci, kuma ba kowane mai ɓoye niyya ne rago ba. Amsar ita ce a duba ƙarfin da ke hannun Waziri a lokacin. Sarki ba ya nan, mayaƙa ba sa nan, Mahmudu ba ya nan. Abin da ya rage tsakaninsa da burinsa yaro ne da 'yan bayi masu gadi da tsuntsu. Duk da haka ya kwashe darare yana jiran Musa ya fito da ƙafarsa. Dalili shi ne yana son riba biyu a lokaci guda: idan Sinari ta yi nasara ya zama sarki, idan Abdurrahman ya dawo ya tarar da shi amintaccen waziri mai kuka a kan gawar Musa. Wanda ke son ya tsira ko ta wane gefe aka faɗi ba zai iya tsayawa da kowane gefe ba. Ta haka cin amana da ragwanci suka zama abu ɗaya a jikinsa. Ya ci amanar Abdurrahman saboda kwaɗayi, ya kuma kasa cika wa Sarkin Sinari alkawari saboda tsoro.

3.4 Ragwanci a Matsayin Ginshiƙin Zubi

Sanannen abu ne cewa zubin littafi na ɗaya, wato aku mai tsare mutum da labari dare bayan dare, ya samo asali daga tsohon littafin Indiya mai suna Shuka Saptati da takwaransa na Farisa, Tuti Nama. A can mace ce mijinta ya yi tafiya, take son fita wurin wani namiji, aku yana hana ta. Imam ya cire wannan, wanda ba zai dace da littafin 'yan makaranta ba, ya sa rikicin gadon sarauta a madadinsa. Sauyin ya haifar da wata matsala ta zubi. A labarin asali haɗarin yana waje, ba zai shigo gida ba, don haka muddin matar ba ta fita ba an tsira. A labarin Imam kuwa mai neman ran Musa shi ne mai riƙe da garin. Me zai hana shi shiga?

Ragwancinsa ne ya hana shi. Da Imam ya yi Waziri maci amana mai ƙarfin zuciya, da labarin ya ƙare a daren farko, aku bai sami sararin buɗe baki ba. Kowane labari da aku ya bayar an saye lokacinsa ne da jinkirin Waziri. Ke nan halin tauraron nan da tsarin littafin a ɗaure suke, kuma wannan yana cikin gwanintar Imam da ba a cika ambata ba: ya ɗauko zubi baƙo, ya ƙera masa mugun da ya yi daidai da shi.

4.0 Waziri da Sauran Taurari

4.1 Aku

Kuskure ne a ɗauka cewa aku ba ya tsoro. Ya ga yadda Musa ya kashe matarsa saboda ta hana shi fita kai tsaye, daga nan bai ƙara ce wa Musa a'a a fili ba. Yakan nuna kamar ya yarda, ya jawo wani karin magana, Musa ya tambayi asalinsa, labari ya ɓalle. Wato shi ma aku mai kewaye ne, mai ɓoye niyya, kamar Waziri. Kayan aikinsu iri ɗaya ne, harshe da dabara.

Bambancin yana wuri biyu. Na farko, aku yana zaune ne a gaban wanda zai iya murɗe masa wuya, kowane dare, bai tura kowa ba. Na biyu, tsoron aku ya sauya masa hanya ne kawai, bai sauya masa alƙibla ba, domin amanar da Sarki ya ba shi tana nan. Littafin yana koyar da cewa tsoro ba aibi ba ne idan ya zauna ƙarƙashin amana. Naɗa aku waziri a ƙarshe hukunci ne a kan wanda aka tuɓe, irin zambon da ya fi duka zafi: tsuntsu ya fi shi cancantar rawani.

4.2 Sarki Abdurrahman

Ba za a wanke Sarki Abdurrahman ba. Fushinsa ne ya jawo yaƙi, kuma shi ne ya zauna shekaru da mutumin da ke jiran mutuwarsa bai gane ba, har ya ba kura ajiyar nama. Wannan naƙasu ne na shugabanci, irin wanda Aristo ya yi magana a kai, kuskuren babban mutum. Amma da yaƙi ya zo ya hau doki da kansa. Labarin ya yafe masa gaggawa da rashin sanin mutane, bai yafe wa Waziri ba. A ma'aunin Imam, shugaba yana iya yin kuskure ya gyara muddin yana tsaye inda aka ajiye shi.

4.3 Makbes da Dimna

A wasan Shakisfiya, Makbes ya ci amanar Sarki Dankan, ya kashe shi a ƙarƙashin rufin gidansa. Amma da hannunsa ya yi kisan, ya ɗauki nauyinsa a zuciya, ya mutu yana faɗa. Saboda haka mai kallo yana ƙyamarsa yana kuma tausaya masa. Dimna na littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci a ƙarni na takwas, ya fi kusa da Waziri, domin dila ne da ya haɗa zaki da sa faɗa ta hanyar tsegumi, shi yana gefe. Sai dai an ba Dimna baki ya yi ta kare kansa da hujjoji a gaban shari'a. Wazirin Imam bai sami abin da aka ba waɗannan biyu ba. Ko suna ba shi da shi, sai sarauta. Tauraro ne mai fuska ɗaya, kuma faɗuwarsa ba ta tayar da tausayi, sai murna.

5.0 Inuwar 1903

An haifi Imam a Kagara a 1911, shekara goma bayan Turawa sun ci Kwantagora a 1901. Wansa, Malam Bello Kagara, ya gina farkon littafinsa Ganɗoki (1934) a kan yaƙe-yaƙen zuwan Turawa. Masu karatun Magana Jari Ce na farko 'ya'ya ne da jikokin mutanen da suka ga wannan zamani, kuma tambayar wa ya tsaya, wa ya gudu, wa ya miƙa wuya, ba tatsuniya ba ce a gidajensu. Yana da kyau a ajiye Waziri kusa da mutum uku na wancan lokaci.

Na farko Sarkin Kano Alu. Turawa sun shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903 yana Sakkwato. A kan hanyar dawowa ya rabu da rundunarsa cikin dare, aka kama shi a ƙasar Gobir, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja a 1926. Waziri Ahmadu ya ja wani sashe na rundunar ya yi faɗa a Kwatarkwashi, inda aka kashe shi, Wambai Abbas kuma ya koma Kano da wani sashe, Gwamna Lugga ya naɗa shi sarki. Mai neman sauƙi zai ce Alu rago ne. Amma wannan mutum shi ne ya fito da nasara daga Yaƙin Basasa na 1893 zuwa 1895, ya kuma kara da Damagaram, kuma akwai masu ganin niyyarsa hijira ce zuwa gabas. Abin da ya tabbata shi ne ya bar mutanensa ba jagora a daren da suka fi bukatarsa, kuma bai gayyato abokin gaba ba. Ya yi tarayya da Waziri a gefe guda, ya saɓa masa a ɗaya gefen.

Na biyu Wazirin Sakkwato Muhammadu Buhari. Bayan yaƙin Giginya na 15 ga Maris 1903 ya komo ya yi sulhu da Turawa. Mai gaggawa zai ce ga wazirin da ya bar sarkinsa ya bi baƙi. Amma Buhari ya yi haka ne bayan an ci gari, ya nemi fatawar malamai, ya kuma rubuta risala zuwa ga ma'abota ilmi yana bayyana hujjarsa da damuwar zuciyarsa, wato tsoron kada jama'ar da ba za su iya hijira ba su rasa mai tsaya musu. Duk abin da Wazirin Imam ya yi a duhu don kansa, Buhari ya yi kishiyarsa a sarari, bai kuma nemi gadon sarauta ba.

Na uku Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya. Shi ma ya bar birninsa bayan Giginya, ya nufi gabas da jama'a mai yawa, har suka kai Burmi a bakin kogin Gongola, garin da Malam Jibrilla Gaini ya mayar sansanin Mahadiyya kafin Turawa su kama shi a 1902. A watan Mayu 1903 mutanen Burmi suka kori rundunar Turawa ta farko. Ran 27 ga Yuli aka sake gwabzawa, aka kashe Attahiru da ɗaruruwan mabiyansa, aka kuma kashe Manjo Marsh, jagoran Turawa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce da saura zuwa Sudan. Filin yana nan kusa da Bajoga a Jihar Gombe, kuma birnin Gombe na yau, wanda aka mayar da hedikwatar masarauta cikinsa a 1919, ƙane ne ga wannan yaƙi. A idon Turawan da ke binsa Attahiru mai gudu ne. Amma ya tafi ne tare da mutanensa, a kan hujjar hijira da Shehu ya rubuta littafi a kanta tun 1806, ya kuma mutu a tsakiyarsu.

Daga waɗannan misalai za a fahimci cewa barin gari shi kaɗai ba ya nuna ragwanci, sulhu da abokin gaba shi kaɗai ba ya nuna cin amana. Tambayoyin da halin Waziri ya koya mana su ne: shin a ɓoye aka yi ko a sarari? Don kai aka yi ko don jama'a? Wa aka bari ya ɗauki haɗarin? Da waɗannan ne ake iya rarrabe mutum ukun nan, kowa a matsayinsa.

6.0 Ƙarfi da Raunin Halin

Ƙarfin wannan tauraro shi ne tsabtar zanensa. Imam ya tace shi har ya zama ma'auni, yadda yaro ɗan firamare zai gane shi, malami kuma ya ciro tambayoyi uku na sama daga jikinsa. Ya kuma dace da zubin littafin kamar yadda aka nuna.

Rauninsa daga nan ya fito. Tun da ba a ba shi wata hujja ko wata damuwa ta zuciya ba, darasin ya zo da araha. Babu mai karatu da zai ga kansa a jikin Waziri, alhali shugabanni da yawa da suka ci amana sun fara ne da dalilin da suka ɗauka mai kyau ne. Tarihin da ke kewaye da Imam ya tanadi mutane masu wuyar hukunci, amma littafin da hukumar talifi ta gwamnatin mulkin mallaka ta sa a rubuta don makarantu ba wurin tono su ba ne. Imam ya kai labarinsa wata ƙasa ta gabas marar suna, inda mai gayyato baƙi mugu ne tsantsa kuma baƙin ba sa cin nasara. Haɗarin da ke nan shi ne a ɗauki wannan sauƙaƙƙen hoto a manna wa mutanen tarihi, a raba su jarumai da ragwaye, kamar yadda akan ji a muhawarori kan 1903. Wajibin mai koyar da littafin ne ya nuna wa ɗalibai cewa Waziri ma'auni ne, kuma ba safai ake samun mutum ya cika ma'aunin nan ta kowace fuska ba.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala an duba Wazirin Magana Jari Ce a matsayin shugaba, aka ga ya ci amanar shawara da ta ƙasa da ta riƙo, kuma a kowane hawa ya laɓe bayan wanda ya fi shi rauni. An nuna cewa son tsira ta kowane gefe shi ne tushen da ya haɗa cin amanarsa da ragwancinsa, kuma jinkirin da wannan hali ya haifar shi ne ya ba aku dararen da ya yi ta ba da labari. Kwatanta shi da aku ya nuna cewa tsoro yana iya zama tare da amana, kwatanta shi da Alu da Buhari da Attahiru kuma ya nuna iyakar tauraro mai fuska ɗaya idan aka fito da shi fagen tarihi. Akwai bukatar a faɗaɗa irin wannan nazari zuwa fadawa da hakimai da 'yan siyasa na cikin littattafan da suka biyo baya, musamman na gasar 1982 irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, domin a ga ko marubutan bayan mulkin kai sun ba maci amana bakin da Imam ya hana Waziri.